Keturah Gwalamdi da Tsohuwar Malkohi

Keturah Gwalamdi tela ce a unguwar Jambutu da ke Yola, kayan 'yan makaranta ta fi ɗinkawa. Tun tana ƙarama mahaifinta ya gaya mata sunan Gwalamdi na gidansu ne kaɗai, can ƙauyensu a kudancin Adamawa. Shi ya sa kanta ke ɗaurewa idan sunan ya fito a rediyo. Akwai wani likitan ido mai sunan a Abuja, akwai wata 'yar tsere da ta taɓa ciyo kofi. Masu kawo ɗinki sukan ce, "Madam, haɗa mu da ɗan'uwanki likita mana." Ita kuwa ko fuskarsa ba ta sani ba.

A shekarar da mutanen arewacin jihar suka gudo Yola, Keturah da matan cocinsu suka kai tufafi sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Wata daga cikinsu ta kira Keturah da cikakken suna, sai wata tsohuwa mai carbi ta miƙe ta riƙe mata hannu.

"Ke 'yar wa ce a gidan Gwalamdi?"

"'Yar Hosea ce, Dada."

"Ban san Hosea ba. Ni Asta ce, matar Ishaku Gwalamdi. Tun ranar da muka watse ban ji ɗuriyarsa ba."

Nan take Keturah ta buga wa baffanta Zadok waya. Ya ce, "Musulmi? Daga can duwatsu? Ba mu da kowa a wajen." Sannan ya ce, "To, kakanmu dai yana da ƙane da ya bi fatake. Ko ƙanwa ce? Na manta."

Asta ta ce Gwalamdi sunan wani dutse ne a bayan garinsu. Zadok ya rantse kalmar yarensu ce, wai ma'anarta wanda kogi ya dawo da shi. Da aka samo lambar likita aka kira shi, sai ya yi dariya, ya ce mahaifinsa a wurin wani malaminsa ya ari sunan.

Keturah ta rasa na wa za ta kama. Tsohuwar kuma ba ta saki hannunta ba, sai Keturah ta tafi da ita gida.

Ishaku bai ɓullo ba har yau. Asta na nan a Jambutu, tana sa maɓalli a bakin shago, tana yi wa 'ya'yan Keturah faɗa idan sun makara zuwa coci. Bara jikarta Yusrah ta gano inda take, ta zo daga Mubi, suka sha kuka. Yanzu an sa wa Yusrah ranar aure, Keturah ce ke ɗinkin kayan, ita da Asta suna ta gardama a kan tsawon hannun rigar.