Mai Neman Iri a Ƙofar Gida

Shekarar da aka ba mu Jigawa ina firamare a Maruta. Manya na ta murna, kawuna ya ɗaure akwati ya tafi Dutse neman aiki, amma mu yara ba abin da ya sauya mana. Tuwon dawa ne dai da miyar kuka, sai tatsuniyar Iya Tasalla bayan sallar isha'i. Iya ita ta haifi babana, gajeriyar tsohuwa mai faɗan tsiya, ba haƙori a gaba amma ta fi kowa cin goro, sai dai a goga mata. Ni take kira maigidanta, ranar da na ɓata mata rai kuma ta ce in ba ta takardarta ta huta.

A madafi muke taruwa, gefen murhu, bayan wuta ta ci ta bar garwashi. In ka ɗaga kai sai ka ga zangarkun dawa rataye a rufin ɗakin, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Irin gidanmu ke nan. Baba kan zaɓe shi tun dawa na tsaye a gona, Iya kuma ta rataye shi inda hayaƙi zai kore ƙwari. Mai-lalle ake ce wa dawar, saboda ɗan jan da ke bakin ƙwayarta. Ba ta da yawan da za a yi fariya da shi, amma in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina takan naɗe ganye ta jira, ranar da ya dawo ta miƙe. Dokar Iya a kan iri ba ta da tsawo: ba a sayar da shi, ba a hana shi. Duk wanda ya zo nema a zuba masa ko da tafi ɗaya ne, da kaka ya mayar in ya samu.

Wata rana aka yi ruwan fari, na farkon damina, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa. Da yamma na ga Iya ta sauko da zangarniya ta ba wani mutum da ya taɓa kai Baba ƙara wajen mai unguwa a kan iyakar gona. Abin ya ci mini rai, muna zama gefen wuta na tambaye ta dalili.

"Ji ɗan nema, kai za ka koya mini wanda zan ba?" Ta tura itace cikin murhu. "Ku matso. Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma," muka amsa.

Wai a can bayan Dingaya, gindin duwatsu, an yi wani manomi ana ce masa Tanko. Allah ya ba shi wata dawa da ba wanda ke da irinta, shekarar da gonakin mutane suka ƙone tasa tana nan kore shar. In aka roƙe shi iri sai ya ce sai baɗi. Wadda zai kai kasuwa ma sai ya sa an soya ta sama-sama a tukunya, yadda ido ba zai gane ba. Mutane su saya su shuka, su yi ta jira, ko tsiro ɗaya ba zai fito ba, su koma suna zargin ƙasarsu. Irin kuwa ya gina masa rumbun ƙasa, ya liƙe bakin da laka.

Ranar wani ruwan fari wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofarsa da ƙoƙo a hannu. Ya ce babu. Ta ce ko ƙwaya kaɗan. Ya ce babu. Sai ta ce, "To, Allah ya bar maka abinka, kai kaɗai." Ta juya ta tafi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ya duba bai ga sawunta ba.

Tun daga ranar ya fara jin motsi a cikin rumbu, kamar mutane na raɗa. A nan Iya kan haɗa busassun tafukanta ta riƙa gogawa a hankali, sas, sas, sas, mu kuwa kowa ya janye ƙafarsa daga duhu. Tanko ya zaci ɓarayi ne, ya ƙara laka. Lokacin shuka ya yi, ya ƙi buɗewa don kada maƙwabta su gani su roƙa. Raɗa ta koma karce-karce. Wata safiya ya fito ya tarar bangon rumbun ya tsattsage, wasu fararen abubuwa sirara sun leƙo ta tsagar kamar yatsun jariri, duk sun karkato wajen ƙofar ɗakinsa. Ya ɗauko gatari ya fasa. Ashe dawar ce ta tsiro a cikin duhu, fara fat, ta cukurkuɗe da juna, ba ƙwaya ɗaya da ta rage. Rana na taɓa ta ta yanƙwane, wari ya cika gidan.

Ya ɗauki ƙoƙo ya bi gida-gida yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa ba irinsa. Wa zai samu? Ya wuce gari na gaba, daga nan na gaba, bai sake dawowa ba.

"Har yau yana yawo," in ji Iya, ta rage murya. "Da an yi ruwan fari zai yi sallama. Ba a kallon fuskarsa. A zuba masa a juyo."

Ƙanwata Ladidi ta ce, "In aka hana shi fa, Iya?"

"Wanda ya hana, sai ya kasa kunne ga rumbunsa."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida. Gaba ɗaya muka afka kan tsohuwa, har muka ɓarar mata da goro. Baba ya fita ya dawo ya ce maƙwabci ne ke neman akuyarsa. Iya ta yi dariya har da tari, sannan ta dube ni ta ce, "Maigida, kai ka ga akuyar?" Ranar a ɗakinta na kwana, ban kuma yarda an kashe fitila ba.

Na girma, na yi sakandare a Birnin Kudu, karatu ya ja ni har na zama malamin aikin gona a wata jami'a. Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe ta karatuna. A jami'a ba maganar da ta fi tashe kamar yadda za a ciyar da duniya ga damina na ta sauya hali, ana taro a kai, ɗalibai na dasa itatuwa, ana kawo sabon iri mai saurin nuna. Sashenmu ya ga tsofaffin iri na ɓacewa, ya yanke shawarar tattara su a adana. Aiki ne mai kyau, har gobe ban ce ba shi da kyau ba. Muka bi Kangire da Maruta da Dingaya, mutane suka sauko da abin da ke rufin madafinsu suka ba mu hannu sake, ba wanda ya nemi ko sisi. Aka zuba a kwalabe, saura a buhuna, aka jera a ɗakin sanyi, aka sa kwaɗo. Mai-lalle na ciki, ni na kai ta da hannuna ina alfahari.

Shekaru suka tafi. Sai aka shiga wani dogon yajin aiki da ya cinye damina guda, janareta ya lalace, iska ta ɗage kwanon rufin ɗakin ba wanda ya sani. Ranar da muka dawo aka buɗe ƙofar, warin ne ya fara tarar mu. Wasu kwalaben sun yi funfuna. Buhunan da ke ƙasa kuwa sun sha ruwa, fararen tsirrai sun huda su sun miƙo wajen ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Abokan aikina na ta salati, ni kuwa rumbun Tanko na tuna.

Ban damu sosai ba da farko, na ce ai sai in koma gida in karɓo. Na tarar da ƙanin babana a zaure na tambaye shi mai-lalle.

"Mai-lalle? Ai tana wajenku, Malam," ya ce. "Da muka ga kun adana a firij sai hankalinmu ya kwanta, muka koma wa sabon iri. Mun ce duk ranar da muke so mu aiko."

Haka na ji a gida na biyu, haka a na uku. Su sun saki don sun san muna riƙe, mu mun kulle don mun ɗauka suna shukawa. Ba mai rowa ko ɗaya a cikinmu, amma inda Tanko ya tsaya nan muka tsaya. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar rowa ce kawai. Yanzu na gane Iya tsoron ajiya a wuri ɗaya take yi, don abin da ke hannun mutum ɗaya, ko ɗaki ɗaya, rana ɗaya ta ishe shi. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don shekarun da ruwa ke ɗaukewa sun fi na da yawa, dawar da ta iya jira kuma ita ce babu.

Ban daina nema ba. Bara aka ce mini akwai wasu rugage da ƙananan ƙauyuka bayan Dingaya da ba mu taɓa zuwa ba, na hau babur na tafi. Ban lura ba sai da na isa cewa daren jiya aka yi ruwan fari. Na tsaya a ƙofar wani gida na yi sallama, wata yarinya ta leƙo, na ce ta shiga ta ce ana neman irin dawa. Ta dubi kwanon da ke hannuna, ta ƙwalla ƙara ta ruga ciki.

"Inna! Inna! Ga shi nan ya zo!"

Can wata mata ta fito, ta ja mayafi ta kau da kai, ta miƙo hannu ta zuba mini tafi ɗaya, ta juya da sauri. Na so in ce mata ni mutum ne, daga jami'a nake, amma har ta shige. Na duba cikin kwanon. Sabon iri ne, irin wanda ake sayarwa a leda ranar kasuwa. Na ɗaga murya na yi godiya, na tura babur zuwa gida na gaba.