Malam Mokbul, Ka Riga Ni Har a Wurin Ɗana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Mokbul Talukdar a gidansa da ke birnin Sylhet.

Malam Mokbul, ni ne Shamsul, mai ajin da ke kallon naka a saman bene. Turanci muke koyarwa mu biyu, amma takalman ƙofarka kullum sun ninka na tawa, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin hakan ba.

Ƙananan kalmomin nan da ke bin aikatau su juya masa ma'ana, masu kayar da yaranmu a jarrabawar fita waje, ni a allo nake jera su a haddace. Kai kuwa sai ka sa ɗalibi ya kunna fanka ya kashe, ya tuɓe hula ya mayar, ya hau bene ya sauko yana faɗin kalmar. Na ce maka, "Wannan aji ne ko filin atisaye?" Ka yi dariya ka ce, "Shamsul, abin da ƙafa ta koya, kai ba ya mantawa. Zo mu sha shayi." 'Ya'yan masu tuƙa keken haya kyauta ka koyar da su, ka ciyar da su shinkafa da kifi. Ko wannan ma ya ba ni haushi, don ban sami abin kushewa ba.

Sai Rezwan, ɗana na cikina, ya faɗi jarrabawa a hannuna, ya tsallaka ajinka ya ci, ya sami aiki a Doha. Tun da ya tafi bai zo ko salla ɗaya ba, wai babu hutu. Amma da ya ji rasuwarka, washegari sai ga shi. Shi ya shiga kabari ya karɓe ka, ina tsaye a baya.

A hanyar gida na ce, "Ni ma ranar tawa za ka zo?" Ya ce, "Haba Abba, daina irin wannan magana." Bai ce e ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Hajiya Rokeya da 'ya'yanka haƙuri. Har yanzu ina kishinka, Malam. Amma Rezwan yana barci a ɗakinsa, kuma kai ka kawo mini shi.