Yanka Biyun da Iya Ta Ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Maris, 2018, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu, Hajiya Gumsu, wadda mutanen Mafoni suka sani da Ya Gumsu mai turare, mu 'ya'yanta huɗu kuma muke kira Iya. Ta rasu a ɗakinta, a kan gadonta, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. Hawan jini ne. Na faɗi wannan tun da wuri, domin a Maiduguri ta shekarun nan idan aka ce wane ya rasu, mai ji yakan yi shiru yana jiran a gaya masa a wace kasuwa ko a kan wace hanya. An yi mata wanka da sutura jikinta cikakke, an kai ta bayan azahar. A garin nan wannan ma ni'ima ce, mun kuma gode wa Allah.

Iya, ni ce Lauratu. Akwai maganar da na yi miki alkawarin ba za ta fita daga bakina ba. Yau zan saɓa. Amma bari in fara da abin da kowa ya sani.

Shekara arba'in kina haɗa turaren wuta da humra. Ba ki yi boko ba, hancinki ne ya ciyar da mu bayan rasuwar Baba Audu, shi ya kai mu makaranta mu huɗu. Dillali zai shigo da itacen turare, hawi ko sandal, yana rantsuwa daga ƙasar waje aka kawo, ba ki ko taɓawa, sai ki ce ya mayar wa kafintan da ya sare masa. Mikail yana aji uku a sakandare ya fara shan taba a ɓoye, yana tauna kanumfari kafin ya shigo gida. Kika bar shi kwana uku, sannan kika tambaye shi a gabanmu ko kanumfarin ne yake saya da kuɗin makaranta ko abin da ke ƙarƙashinsa. Ni kuma, da na zama malama, kullum sai kin sa na karanta miki jarida, ki saurara tsaf, ki ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa wurin da yake magana a kai ba. Sau da yawa ke ce da gaskiya.

Da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, kika sa wa kanki doka: duk amaryar da za a kai daga sansanin 'yan gudun hijira, in labari ya iso ki, sai kin aika mata kwalbar humra da ƙullin turare. Na ce miki shinkafa suka fi buƙata. Kika ce masu raba shinkafa sun yi yawa, mota-mota, da tambari a ƙofa, amma ba wanda ya tuna amarya ce. Ban ƙara sa baki ba.

Maƙwabciyar rumfarki Mama Rhoda ce, mutuniyar kudancin Borno, mai sayar da kayan miya. Shekara ashirin kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, kina tsare mata rumfa ran Lahadi, tana tsare miki ran Juma'a, kuna faɗa a kan wadda inuwarta ta shiga ta wata. Ranar da bam ya tashi a kasuwa, shekara huɗu ke nan, ku biyu kun tsira saboda kun zagaya baya ɗibar ruwa. 'Yarta Phoebe ce ke zaune a rumfar. Ke kika shiga cikin hayaƙin kika nemo ta, ke kika cire gyalenki kika rufe abin da ya rage. Daga baya kika ba Mama Rhoda ɗakin ƙofar gida, har yau tana nan.

Kin dawo gida ranar ba ki yi kuka ba. Kika yi wanka sau uku. Da yamma maƙwabta suka ɗora gashi, sai na ga kin tashi da gudu kin nufi bayan gida. Tun daga ranar ba ki ƙara iya jure ƙamshin nama a kan wuta ba. Mace ce ke da ke rarrabe turare bakwai a cikin hayaƙi ɗaya, hancin bai manta komai ba. Kika sauya hanyar zuwa asibiti don kada mai keke ya bi ta gaban masu tsire. Kowace Babbar Sallah, lokacin da gari duka ke babbakar kawuna da ƙafafu, ke da Mama Rhoda kukan shige ɗaki ku rufe taga, ki cika kasko biyu da turare, ku zauna har hayaniyar ta lafa. Naman layyarmu dafawa muke yi. Ni kaɗai na san dalili a cikin 'ya'yanki, domin ni kaɗai ce a nan.

Sauran ukun sun bar gari tun farkon rikicin: Yaya Babakura a Abuja, Mikail a Legas, Mu'mina a gidan mijinta a Kaduna. Ban ce sun yi laifi ba, ke ma kika ce su tafi. Suna aike, suna waya in akwai layi. Duk sanda suka tambaye ki, amsarki ɗaya ce: lafiya lau, gari ya yi sanyi. Har ranar kasuwar, abin da kika gaya musu shi ne ba kya wurin.

A ƙarshen Disambar bara suka zo gaba ɗaya, da mata da yara, karo na farko cikin shekara shida. Suka ce Iya ta gama yi musu girki a duniya, yau su za su ciyar da ita. Yaya Babakura ya sauko da ragar gashi ta ƙarfe da ya ɗauko tun daga Abuja, mai ƙafafu da murfi. Suka je Gomari suka sayo rago, da kaji shida, da buhun gawayi. Mu'mina ta zauna dakan yaji da ƙuli-ƙuli tana waƙa. Mikail, wanda ban taɓa ganin ya dafa ko ruwan shayi ba, ya ɗaura zanen matarsa a ƙugu yana ba kowa umarni.

Da na ga ana zuba gawayi na nufi tsakar gida zan yi magana. Kika riƙe min hannu a bakin ƙofa, riƙon da ban san kina da sauran ƙarfinsa ba.

"Laure, ina za ki?"

Na ce zan gaya musu ne kawai a dafa.

"In sun tambaye ki dalili fa? Ki bar min yarana su yi abin da suka zo yi. Ki yi min alkawari."

Na yi. Kika aiki Mama Rhoda gidan wata ƙawarta a Gamboru da kwalbar humra da ba wanda ya yi odarta, kika ce kada ta yi saurin dawowa.

Bayan la'asar suka hura wuta. Suka shimfiɗa miki darduma a wuri mafi daraja, wato kusa da ragar, inda iska ke kai hayaƙin. Kitse yana ɗiga a kan garwashi. Ina kallon hannunki, kin damƙe carbi har jijiyoyi sun fito. Mikail ya ƙona kaza guda ƙurmus, Yaya Babakura ya ce dama mutumin Legas ba abin da ya iya sai surutu, Mikail ya ce ai gara shi, wani tun safe yake juya ƙafar rago ɗaya kamar mai jinyarta. Yara suna ta dariya. Ke ma kika yi dariya, kika ce da yaren Kanuri duk cikinsu ba wanda za ki ɗauka aiki ko a kyauta.

Sai Yaya Babakura ya zo ya durƙusa a gabanki da faranti. Kika ɗauki yanka ɗaya, kika tauna, kika haɗiye. Kika ɗauki na biyu. Kika ce gishiri ya ji, Allah Ya yi albarka. Mikail ya ɗauki hoto. Kika ce za ki je alwalar magariba.

Na bi ki. Na riƙe miki buta kina amai a bayan gida, a hankali, don kada a ji. Da kika gama kika wanke baki, kika gyara ɗaurin kallabi. Na ce miki wannan wace irin azaba ce mutum zai ɗora wa kansa. Ba ki ko dube ni ba kika ce:

"Shekara shida ban gan ku ku huɗu a tsakar gida ɗaya ba. Ko me suka ƙona zan shaƙa."

Kika koma kika zauna a dardumar nan har aka kashe wutar.

Na yi fushi ranar, kuma ban huce ba. Ina fushi da waɗanda suka mayar da kasuwa abin da suka mayar da ita, suna ambaton sunan Allah. Ina fushi da masu zuwa da jerin motoci su yi jaje su tafi, a rubuta adadi a jarida, ba a rubuta cewa akwai tsohuwar da ba ta ƙara cin tsire ba. Na karanta rahotanni da yawa a kan garin nan, ban ga wanda ya ƙirga irin wannan asara ba. Ina fushi da 'yan'uwana da suka kwana goma a gidan ba wanda ya lura ko sau ɗaya ba a soya nama ba. Ina fushi da ke, Iya, da kika iya ɓoyewa har haka. Naman kuma na ci, ya yi daɗi, wannan ma bai bar ni ba.

Da na yi shiru har abada, kamar yadda kika so. Amma ranar sadakar uku Yaya Babakura ya tashi a gaban dangi, hoton nan a wayarsa, ya ce bai taɓa ganin Iya cikin farin ciki kamar ranar gashin nan ba. Don haka ranar arba'in za a gasa raguna uku a tsakar gidanki a raba wa unguwa, kuma kowace shekara haka za a riƙa yi da sunanki. Kowa ya ce madalla. Mama Rhoda tana zaune a gefena. Sai ta tashi ta shige ɗakinta. Da na bi ta, sai ta tambaye ni ko zan taimaka mata ta sami ɗaki a wata unguwa kafin ranar. Matan layinmu da suke kasuwa ranar bam ɗin sun kai biyar, kuma duk za su zo, domin ba mai ƙin zuwa sadakar Ya Gumsu.

Na gwada ta hanya mai sauƙi. Na ce wa Yaya a yi burabusko da miyar yakuwa, shi kika fi so. Ya ce ni dama tun muna yara ba na son abin da ba ni na tsara ba. Wataƙila da gaskiyarsa. Da baki na san ihu zan yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin in ba kowa rubutun nan na kira Yaya na karanta masa. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce:

"Laure, yanka nawa ta ci?"

Na ce biyu.

"Ni na zaɓa mata su. Na nemi wajen da ya fi laushi."

Ya ce a dafa ragunan, a gaya wa Mama Rhoda ba inda za ta. Ya ce in fitar da rubutun, ko wani da ke shirin zuwa gida zai tambaya kafin ya hura wuta. Daga nan ya kashe wayar. A lokacin na gane abin da kika tsare a bakin ƙofar nan. Yini ɗaya mai kyau kika bar wa ɗanki ya riƙe bayan ranki, ni kuma na karɓe shi. Ban ce na yi kuskure ba. Amma ba kyauta na sami abin da na nema ba, kuma ba ni na biya ba.

Iya, ki yafe min. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya shi. Allah Ya sa wahalar da kika haɗiye ta zama kaffara, Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Allah Ya kawo ƙarshen wannan masifa, Ya saka wa duk wanda aka zalunta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mikail da Mu'mina da jikokinta goma sha ɗaya, da danginta na Mafoni, da Mama Rhoda wadda ta rasa 'yar'uwa, da matan da za su yi aure bana ba humrar Ya Gumsu. Yaya Babakura, kai naka rashin biyu ne, na biyun daga hannuna ya zo. Allah Ya ba ka haƙuri, Ya ba ka ikon yafe min. In ka iso ranar arba'in, ni zan zuba maka abinci.

Lauratu Audu
Mafoni, Maiduguri