Rumbun da Lawali Ya Bari a Kulle

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya karɓi takardar wani domin ajiya ya fito da ita ranar da mai ita ya nema. Wannan haƙƙi muka ɗaukar wa masu lambuna na Gidimuni, kuma shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mutumin da ya fi kowa a cikinmu ƙoƙarin sauke shi, abokina Mamman Lawali, Allah ya jiƙansa. Ni ne mai ajiyar takardu a biro, wato ofishin ƙungiyar masu lambuna, a nan Damagaram, shi kuwa shi ne mai kula da ordinater, wato kwamfuta, guda ɗaya da muke da ita. Teburinsa na kallon nawa.

Shekaru da dama manoma suna kawo mana takardun shaidar lambunansu, masu ɗauke da iyakoki da sunayen shaidu da hatimin mai gari, saboda suna tsoron gobara da gara a ɗakunansu. Lawali ya ɗauki hoton kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya, ya tara su cikin kundi guda a ordinater, ya kulle shi da doguwar kalmar sirri don kada wani ya taɓa iyakar wani. Kundin nan yake kira rumbu. Yakan ce na'urar gida ce, kowane ma'aikaci da ɗakinsa, wato sunan da yake shiga da shi. Matsalar ita ce rumbun a ɗakin Lawali aka gina shi, mabuɗin ma a can yake rataye. In an shiga da sunansa, rumbu ya buɗe da kansa. In an shiga da nawa, ko na Madam Rabi mai buga takardu, ko na shugaba, babu abin da ake gani.

Wannan abu ya hana shi sakat. Ya yi makonni yana neman yadda zai fitar da rumbun tsakar gida, ya riƙa buɗe wa kowa da zarar ya shiga. In ya samu rumbun ya buɗe masa a tsakar gidan, sai ya ƙi Madam Rabi. In ya buɗe mata, sai ya bar ta ta karanta amma ya hana ta ƙara sabuwar takarda. Wata rana ya juyo yana dariya ya ce da ni: "Malam Isufu, wannan na'ura ta fi ka son ƙa'ida. Wanda ya fara buɗe rumbu shi take ɗauka mai shi, sauran duk baƙi ne." Daga baya ya ce ya gano hanya, abin da yake buƙata kawai a bar masa na'urar yini guda, ba mai taɓa ta. Sau uku ya nemi yinin nan wurin shugabanmu na lokacin, sau uku aka ce a bari aiki ya lafa. Kafin nan kowa da sunan Lawali yake shiga, don duk biro an san ƴar gajeruwar kalmar shigarsa. Muka saba, muka ɗauka an gama gyara. Zazzaɓi na kwana biyar ya ɗauke shi, aiki bai lafa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na daɗe ina jin nauyin rubutawa. Kowace safiya in an kunna ordinater, sunansa da ɗan hotonsa ke fara fitowa, kuma dole mu danna sunan, mu shiga a matsayinsa. Madam Rabi ce ta fara ƙi. Ta ce: "Ni dai ba zan ƙara shiga da sunan wanda ke kwance a kabari ba. Ku ji tsoron Allah, ku bar bawan Allah ya huta." Ba wanda ya ga laifinta, domin dukanmu abin yana sosa mana rai. Bayan sadakar arba'in aka yi zama, aka yanke shawara a cire sunansa daga na'urar, kamar yadda ake kwashe tufafin mamaci daga ɗaki. Ni na rubuta bayanin zaman da hannuna. Na ɗaga yatsa na tambaya ko rumbun zai tsira. Shugaba ya ce: "Malam Isufu, takardun asali ai suna nan cikin kabad ɗinka. Hotuna ne kawai." Na rubuta cewa an amince baki ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ban zo nan don in wanke kaina ba.

Mai gyaran da aka kira ya yi abin da aka sa shi. Ya fitar da rumbun inda kowa zai gan shi, sannan ya share sunan Lawali da duk abin da ke ɗakinsa, har da doguwar kalmar da ke buɗe rumbun, wadda babu wanda ya taɓa sani a cikinmu saboda na'urar ce ke riƙe da ita. A damina ta uku bayan haka rufin biro ya rufta a kan kabad ɗina lokacin hutun salla. Da muka dawo, abin da ruwa ya bari tawada ta cuɗe shi. Na rubuta wa shugabanni a kan rufin nan tun kafin ya faɗi, kwafin wasiƙun yana wurina.

Yau, in Lawali zai leƙo, zai tarar burinsa ya cika ta hanyar da ba ta da amfani. Kowa ya shiga da sunansa, rumbun yana nan a gabansa, yana tambayar kalmar sirri. Ban san me zai ce ba. Ba mutum ne mai faɗa ba. Ina jin zai cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya tambaye mu wa ya ce mana girmama mamaci shi ne goge sunansa, alhali amanar da ya mutu yana tattali tana rataye da sunan. Mun yi abin da al'ada ta koya mana a kan tufafi da tabarma, muka yi shi a kan abin da ba mu fahimta ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Watan jiya wata tsohuwa, Inna Hassu, ta zo daga Gidimuni. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu a bakin tafki, da bishiyoyin dabino da take ci da jikokinta. Maƙwabcinsu ya matsar da shinge ya haɗe dabinon, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar lambun tana cikin waɗanda ruwa ya ɓata mana, shaidun da ke cikinta kuma duk sun rasu. Mai gari ya ba ta wa'adi zuwa kaka ta kawo shaida, in babu, shinge ya zauna inda yake. Na yi mata bayani iya iyawata. Ta dube ni ta ce: "Ɗana, ai ina zaune a kan bencin nan marigayin ya ɗauki hoton takardar. Har ya ce mini, Inna, ko gobara ba ta isa ba." Na juyo da ordinater na nuna mata rumbun. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "To, tana ciki ke nan?" Na ce tana ciki. Ta ce: "Buɗe mana." Ban taɓa jin kunyar aikina kamar ranar ba.

Hanya ɗaya ta rage, ita ma ba ni da wani dogon fata a kanta. Lawali yana da wani ƙaramin faifai baƙi da yake kwafe duk abin da ke cikin na'urar a kansa kowace Alhamis, har da ɗakinsa da mabuɗin. Na shigar da faifan a rajistar kayan biro, layin yana nan da sa hannuna. Ranar da tsohon shugaba ya miƙa ragama ga na yanzu, ba a same shi cikin kayan ba, kuma aka sa hannu a takardar miƙawa ba tare da an ambaci haka ba. Na je Gouna wurin ƴan uwan marigayi ko ya shiga cikin kayansa, suka buɗe mini akwatinsa, babu. Mai yiwuwa wani ya goge shi tuntuni ya zuba hotunan biki.

Abin da ya saura na Lawali shi ne aikin da ya yi da gaskiya, cikakke, babu takardar da ya tsallake, yana zaune a gaban idonmu ba ya amfanar kowa.

Saboda haka ina roƙon kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu, a bainar masu karatu, da ya kafa bincike a kan faifan da ke cikin rajista, ya kira duk wanda ya sa hannu a takardar miƙa ragama, har da ni, ya kuma kammala kafin kaka. In an same shi, a nemo masani a ba shi yinin nan guda da aka hana Lawali. In ba a same shi ba, a rubuta haka a fili, a buga hatimi, a ba ni in kai Gidimuni da ƙafata. Inna Hassu ta ba mu takarda, bai kamata ta koma gaban mai gari hannu rabbana ba, ko da abin da za ta riƙe shaida ce cewa mu muka ɓatar da tata.