Baba Kuku da Sojojin Jan Gatari

Shekara talatin da ɗaya Baba Kuku ya yi yana girki a kicin ɗin wani asibiti. Gajere ne, mai ƙaramar murya, hannuwansa duk tabon ƙunar mai. Abokan aikinsa sun san shi da hali guda: ba ya kunna wuta sai ya zaga ɗakunan marasa lafiya ya ƙirga bakin da zai ciyar, har da masu jinya da ke shimfiɗe a baranda, waɗanda babu sunansu a takarda. Sau uku ana ba shi takardar gargaɗi a kan haka. Da ya yi ritaya ya koma gidan babban ɗansa, inda surukarsa ta hana shi taɓa ko ludayi, wai girmamawa. Sai ya zama a kujerar roba yake yini, bakin ƙofa, yana amsa gaisuwar masu wucewa.

Ɗan nasa, Dogo, mai walda ne, kuma yana da wani abu a waya da ya fi shagonsa shiga ransa. Wasan yaƙin zamanin da ne, na ganuwa da kibau da dawakai, wanda ake yi da mutanen da ba a taɓa gani ba. Shekara biyu yana gina birninsa, har ya tara sojoji dubu tara. Wani ɗan wasa mai kiran kansa Jan Gatari ya aiko masa cewa ranar Alhamis zai zo ya ƙone shi ƙurmus.

Ranar Litinin tartsatsin walda ya faɗa wa Dogo a ido. Likita ya naɗe idanun biyu, ya ce sai Juma'a za a kwance.

Dogo ya miƙa wa mahaifinsa wayar yana lalube. "Baba, ga gonaki nan. In ka ga buhu ya fito a kansu, ka danna. Shi ke nan. Don Allah kada ka taɓa komai."

"To, ranka ya daɗe," in ji tsohon.

Ranar Laraba da hantsi Dogo na kwance a falo, ya ji an ja kujera kusa da kansa.

"Kai, wa ya koya maka riƙon gida?"

"Me ya faru, Baba?"

"Na sallami mutum dubu biyar."

Dogo ya tashi zaune har ya buge kofin shayi. "Ka sallami wa?"

"Sojojinka. Na kuma sayar da dawakan."

"Innalillahi! Baba, dawakaina? Wata bakwai na yi ina tara su!"

"Doki ɗaya na cin abincin mutum uku, kuma ba ya hawa ganuwa. Gonakinka buhu ɗari huɗu suke bayarwa a awa, mutanenka na cin ɗari bakwai. Ragowar da zinariya kake saye kullum, shi ya sa baitulmalinka ya zama kamar aljihun ɗan makaranta. Wannan ba runduna ba ce, 'yan cin biki ne."

Matar Dogo ta leƙo daga kicin. "Lafiya kuwa?"

"Baba ya kashe ni," in ji Dogo, hannu biyu a ka. "Gobe fa za a kawo hari! Gobe!"

"Na sani, 'yata, matarka, ta karanta min saƙon. Na bar maharba, su ne masu amfani a bayan katanga. Kuɗin dawakan na gyara ganuwa da rabi, rabin na saye hatsin kasuwa kaf. Duk wanda zai zo, ya zo da guzurinsa."

Dogo ya kai hannu zai ɓalle bandejin, matarsa ta buge hannun.

Alhamis da rana tsaka Jan Gatari ya iso da mutum dubu ashirin, ya kewaye birnin. Dogo yana zaune a gefen katifa, gumi na bin wuyansa, mahaifinsa na ba shi labari kamar mai karanta lissafin cefane.

"Sun taso. Sun koma. Sun bar ɗari shida a ƙasa."

"Mu fa?"

"Goma sha ɗaya."

"Baba, ka duba da kyau. Sa tabarau."

"Yana hancina, mai gida."

Kafin yamma maharan sun fara raguwa ba tare da an harba kibiya ba. A wasan, rundunar da ta yi zango a ƙofar wani abin da ta ɗauko kawai take ci, in ya ƙare sai sojoji su riƙa gudu. Jan Gatari ya nemi hatsi a kasuwa, babu ko tsaba. Dogo ya yi ta tafa hannu yana dariya, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Wallahi Baba kai janar ne! Gobe war haka sun watse. Kada ka yi komai, ka bar yunwa ta yi aikinta."

Tsohon ya ƙura wa wayar ido.

Juma'a da safe aka kwance bandejin. Dogo ya dawo daga asibiti yana ƙifta ido, ko takalmi bai cire ba ya karɓi wayar. Abin da ya fara gani da sabon idonsa hayaƙi ne. Ganuwa a rushe, rumbuna a ƙone, jar tuta a kan fadarsa.

Ya zauna a ƙasa. Ya buɗe rahoton wasan, ya karanta, ya sake karantawa. Da ƙarfe bakwai na safe, daga birninsa, an aika wa Jan Gatari buhun hatsi dubu shida.

"Baba." Ya ɗago kai. "Wa ya aika musu abinci?"

Baba Kuku yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Akwai wani ɗan hoton kwano a kansu. Ja, babu komai a ciki. Tun jiya yake ƙiftawa."

"Abokan gaba ne, Baba! Ƙone mu suka zo yi!"

"Na sani."

"Kuma ba mutane ba ne! Zane ne!"

"Shi ma na sani. Na ajiye wayar, na sake ɗauka, yana nan. 'Yata ta kawo min karin kumallo na kasa kai loma. Mutum dubu goma sha huɗu a ƙofar gida da yunwa, mu kuma rumbu cike. Na ce bari su ci su kama hanya." Ya kalli ƙasa. "Da suka ci sai suka hau katanga."

Dogo ya buɗe baki, ihun shekara biyu na maƙogwaronsa. Sai ya ga tsohon ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a baya yana jiran faɗa, a gidan ɗan cikinsa. Ihun ya koma ciki.

Ya daɗe yana kallon wayar. Gona ɗaya ta tsira a bayan gari, da mutum arba'in. Ya matsa gefe, ya buga tabarma da tafin hannu.

"Zo ka zauna, Baba. Da me za mu fara, ganuwa ko sojoji?"

Tsohon ya mayar da tabarau, ya leƙa. "Rumbu."

"To, rumbu. Amma wallahi mabuɗinsa a hannuna zai zauna."