Ɗaurin Ƙarshe a Garejin Yahuza

Rigimar Goggo Rakiya da Yahuza bakanike a kan faranti ta faro. Ita ƙosai da awara take soyawa a gindin darbejiyar da ke bakin garejinsa, a Dutse, kan hanyar Kiyawa. Wata safiya ta juya za ta ɗauki babban farantin da take jera ƙosai a kai, ta tarar babu. Ta leƙa rumfar garejin, sai ga farantinta a kan benci, an jera masa wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe da baƙaƙen robobi, duk suna warin kananzir.

"Kai Yahuza, a kayan ɗakin uwarka ka ga wannan farantin?"

"Ki yi haƙuri, Goggo. Nan duk yashi ne. Ƙwaya ɗaya ta shiga akwatin nan, aikin ya lalace."

"To cikin masu cin ƙosai da kananzir fa, shi ba ya lalacewa?"

Ta wanke Yahuza tas da zagi, har masu keke suka tsaya kallo. Ya tsuguna ya wanke farantin da sabulu da toka, ya miƙa mata da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Namiji da gemunsa, da 'ya'yansa, a zage shi haka ko ɗagowa bai yi ba. Ita ta fi son wanda za ta faɗa masa ya mayar.

Haka Allah ya yi shi. Ɗan Kiyawa ne, ɗan manomin gero, ya shigo Dutse tun gashin baki bai fito masa ba, ya koyi aiki a hannun Alhaji Arzika, mai garejin na asali. Da Alhaji ya ga hankalinsa sai ya ba shi 'yarsa Murja, da ƙarfinsa ya fara ja baya kuma, ya bar masa garejin. Shi ke nan ubangida ya zama suruki, kunya ta hau kan kunya. Yahuza ba ya cin abinci a gaban Alhaji, ba ya zama a kujera, ba ya kallon fuskarsa. In ya hango shi tafe, tun daga nesa yake tuɓe takalmi.

Amma a kan aiki babu mai raina shi. Motocin da ke barin kwalta su shiga yashi, masu zuwa ƙauyukan bayan Kiyawa da na wajen Jahun, duk wurinsa ake kawo su in sitiyari ya fara ciwo. Akwatin sitiyari wani dunƙulen ƙarfe ne da ke ɗaure a jikin shasin mota, wato ƙarfen da ke ɗauke da gangar jikinta, famfo na turo masa mai ta tiyo, shi ne ke sa direba ya juya manyan tayoyi da hannu ɗaya. Kwalta ba ta wahalar da shi. Yashi kuwa yana kama taya ya riƙe, direba na murɗawa, taya na ƙi, duk ƙarfin a kan akwatin yake ƙarewa, har robobin su saki mai ya dinga tsiyaya, shasin ma ya tsage a inda aka ɗaure shi. Wasu bakanikan sai su ce a je Kano a sayo na gwanjo. Yahuza kwance shi yake yi ya sake haɗawa.

A saman akwatin akwai wata kusa da notinta. Ita ke matso haƙoran ciki su haɗu. In ta yi sako-sako sitiyari ya dinga wasa a hannu. In ta matse fiye da kima sai ya ƙi dawowa bayan an sha kwana. Da yatsa ake jin daidanta, kuma tun zamanin da Alhaji ke riƙe da garejin, shi ke ɗaure ta. Almajirin aiki ya yi komai, ɗaurin ƙarshe na maigida ne, ya ɗaure ya yi bismilla ya rufe bonet, murfin injin. Ko da ya bar garejin bai bar wannan ba. Duk ranar da za a sallami mota sai ya dogaro sandarsa ya zo.

Sai dai hannun Alhaji ya daina ji. Yatsun sun sandare, abin da a da yake yi da lallami yanzu da ƙarfi yake yi. Yahuza ya daɗe da ganewa, ya kuma samo wa kansa dabara: Alhaji ya ɗaure, a yi masa godiya, ya wuce masallaci, shi kuma ya buɗe bonet a hankali ya sassauta. Shekaru ana haka, babu wanda ya ji kunya.

Wata damina aka kawo tsohuwar motar jif ta ƙungiyar manoman riɗi ta wani ƙauye can cikin jigayi. Ita ce motarsu ɗaya, da kaka ta kwaso buhuna, da damina ta kai marasa lafiya da masu naƙuda asibitin Jahun. Direbanta Ɗan'inna, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa.

"Malam Yahuza, kullum sai na ba ta mai kamar mai shayarwa. Ga shi in na murɗa sai ta yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure."

Yahuza ya sauke akwatin, ya kwance shi kaf, ya wanke. Ya sa sababbin robobi, ya mayar da ƙwallayen nan ɗaya bayan ɗaya da giris a bakin yatsa. Ya tarar shasin ya tsage, ya yanko ƙarfe mai kauri ya yi masa walda ciki da waje, ya ɗaure akwatin da manyan kusoshi, ya canza tiyo. Ya ɗaga gaban motar da jak ya juya sitiyari da ɗan yatsa, ya tafi sumul ya dawo sumul.

Alhaji ya iso, ya karɓi sifana da sukudireba, ya lalubi kusar ya murɗa. Ya ƙara murɗawa. Yahuza na tsugune yana kallon gwiwar hannunsa, ya san kusar ta wuce kima. Bai damu ba, jira yake a wuce masallaci.

Sai Alhaji ya rufe bonet ya ce, "Ɗan'inna, ta Kiyawa za ka bi ko? Rage mini hanya, akwai ta'aziyyar da zan yi."

Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ya shiga.

Yahuza ya miƙe, ya sake tsugunawa. Maganar tana bakinsa, ƙwaya biyu ce: a buɗe. Amma a buɗe a ce me, ga mai ɗaurin zaune yana gyara hula? Ɗan'inna ya tayar, ya juya sitiyari ya ji laushi, don in injin na aiki man yana rufe laifin. Ya yi ta sa albarka, suka hau titi.

Da suka ɓace Yahuza ya kira shi a waya. Ɗan'inna ya buɗe lasifika yadda ya saba, sai muryar Alhaji ta fito: "Yahuza ne? Me aka manta?"

"Ba komai, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Da ya ƙiyasta an sauke Alhaji ya sake kira, motar ta riga ta shiga inda babu sabis. Ya ce gobe. Goben, bayan azahar, akwatin ya ɗauki zafi, Ɗan'inna ya sha wata kwana a bakin kwazazzabo, sitiyari ya ƙi dawowa. Motar ta gangara ta kwanta. Allah ya taƙaita, babu fasinja, amma ƙashin kafaɗar Ɗan'inna ya karye.

Ya rantse wa 'yan ƙungiya cewa sitiyari ne ya kafe. Suka ce wane sitiyari, wanda jiya ya fito daga hannun Yahuza? Kai dai surutu kake a waya. Suka karɓe mukulli. Sunan kirkin da Yahuza ya yi shekaru yana tarawa, shi aka ɗauka aka danne bawan Allah da shi.

Yahuza ya daina zuwa cin ƙosai. In zai shiga gareji sai ya zagaya ta bayan rumfa. Goggo Rakiya ta ƙyale shi kwana kaɗan, rannan ta sauke kasko ta bi shi ciki.

"Ni ban san sunan ƙarfe ko ɗaya a nan ba," ta ce, "amma na san duk ranar da tsohon nan ya rufe murfin mota ya tafi, kai kana buɗewa. Ranar nan ba ka buɗe ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Matar Ɗan'inna ta zo jiya neman ƙullin da ya rage. Ƙullin da ya rage, Yahuza. Kai kana nan kana kunya."

"Goggo, surukina ne. Shi ya koya mini riƙe sifana."

"Shi ya karya kafaɗar?"

Washegari Yahuza ya hau mashin ya shiga jigayin, ya sami shugabannin ƙungiyar a ƙofar masallaci ya ce musu laifin ɗauri ne, kuma hannunsa ne. Bai ambaci kowa ba. Suka dube shi kamar ba su taɓa ganinsa ba. Aka aika wa Ɗan'inna cewa in ya warke mukullinsa na nan.

Yahuza ya ɗauka an gama. Amma labari ya kai kunnen Alhaji, ya zo garejin da hantsi, lokacin da mutane suka fi yawa, ya tsaya a tsakiya.

"Haka na koya maka? Na ɗaure abu daidai, ka bi bayana ka taɓa? Ka zubar mini da suna a gari?"

Yahuza na tsugune babu takalmi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Goggo Rakiya ta buɗe baki, ya juyo ya dube ta, kallon roƙo, ta rufe. A rayuwarta ba ta cika rufewa ba.

"Daga yau," in ji Alhaji, "in na ɗaure, ina zaune a nan har motar ta fita."

Tarakta ta jawo jif ɗin zuwa Dutse, don duk da abin da ya faru babu wani mai iya akwatin nan a kusa. Yahuza ya sake kwancewa. Haƙoran ciki sun ci juna, sai da ya nemo wasu. Waldar da ya yi wa shasin ko motsi ba ta yi ba, ganin hakan ma ya ƙara masa ciwo. Ya yi ta jan aikin, yau ya ce tiyo, gobe ya ce famfo, alhali ranar sallama yake gudu. Damina kuwa ba ta jira, mutanen ƙauyen a amalanke suke kai mara lafiya bakin titi.

Ranar ta zo. Ɗan'inna ya zo da kafaɗa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tare da dattawan ƙungiya biyu. Yahuza ya riga ya daidaita kusar da sassafe. Alhaji ya iso, ya jingine sanda a jikin taya, ya miƙo hannu.

Yahuza ya tsuguna, sifanar na hannunsa.

"Baba, an ɗaure."

"Miƙo."

"An ɗaure, Baba."

"Yahuza, da kai nake."

Yahuza ya dubi Ɗan'inna, ya dubi kafaɗar. Sannan, karo na farko tun zuwansa Dutse, ya ɗago ya dubi fuskar Alhaji, ya ga ashe tsohon ya tsufa haka.

"Baba, hannunka ya daina ji. Matsewa kake yi."

Alhaji ya janye hannun ya juya shi yana kallo, ciki da baya.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kana bin bayana kana kwancewa."

"E, Baba."

"Ranar da na shiga motar fa?"

Yahuza ya mayar da kansa ƙasa. Alhaji ya juya wajen Ɗan'inna kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya lalubi sandarsa. Wani mai keke ya ce a kai shi gida, Alhaji ya girgiza kai, ya kama gefen titi a ƙasa, a hankali, babu wanda ya iya bin sa.

Jif ɗin ta tafi lafiya, har yau tana shiga yashi tana fita. Alhaji bai sake taka garejin ba. Murja kuwa abinci take ajiye wa mijinta ta fita. Shi kuma in zai je kasuwa sai ya canza layi don kada ya bi ta ƙofar gidan surukinsa. Ya rame. Mutane suna ce masa ya yi daidai, yana jin maganar kamar zagi.

Da kaka gwiwoyin Goggo Rakiya suka gaza, ɗanta ya zo zai tafi da ita Haɗeja. Yahuza ya fito ya taya su ɗora kasko da murhu a mota. Da aka gama ya tsaya a jikin taga yana murza baƙin hannunsa.

"Goggo, na tozarta shi a gaban mutane."

Ta gyara mayafinta ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka tozarta shi, ba zan ce maka a'a ba. Da tun shekarun baya ka same shi a zaure, daga kai sai shi, ka faɗa masa, da ya yi fushin kwana biyu ya huce. Ka ƙi, kana ganin ladabi kake. To yanzu tsoho yana can zaune shi kaɗai yana kallon hannunsa, kai kana nan kana zagaye layi. Ka je yau ɗin nan. In ya kore ka, ka zauna a ƙofar zauren. Kuma ka wanke hannun nan kafin ka gaishe shi."