Magaribar da Shafina Ya Makarar

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, na koyi rubuta shafukan intanet a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Na'isa. Aikin farko da na sa raina a kai shi ne shafin da zai riƙa nuna lokutan salla na kowace rana. Baffana, ladanin masallacin layinmu a Yakasai, shi ya ara mini jadawalinsa na shekara, rubutun hannu, na kwafe kaf.

Na buga masa na ranar a takarda, ina jiran yabo. Ya duba sau ɗaya ya miƙo mini.

"Magaribarka ta makara da kusan minti ashirin. Ba haka na ba ka ba."

Kwana uku ban zauna wuri ɗaya ba. In je shago, in dawo gida, in sake komawa kafin abinci ya huce. Na bi jadawalin layi-layi, ban ga kuskure ba. Sau biyu ana ɗauke wuta ina tsakiyar dubawa, na fita ina zagaye bakin titi har aka tayar da janareto.

A rana ta huɗu mai shagon ya gaji da tsakina, ya jawo kujera.

"Kana ta karanta shafin a kwance. Tsayar da shi yana cikin tafiya, ka ga abin da ya riƙo."

Ya nuna mini yadda ake sa alamar tsayawa a gefen layi, cikin umarnin da na rubuta wa shafin. Na sake buɗe shafin, yana isa wurin ya tsaya cak. Na riƙa matsar da shi taki ɗaya-ɗaya, ina duba abin da ya riƙo. Shekara daidai. Rana daidai. Da na zo kan wata, muna watan goma, sai na ga tara. Ashe daga sifili yake fara ƙirga watanni, lokutan watan jiya yake ta ɗebo mini.

Na ƙara ɗaya a kan lambar watan, na buga sabuwar takarda, na hau acaɓa.

Na tarar da Baffa a soro yana gyara lasifika. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Na fara yi masa bayanin sifili, ya katse ni.

"To sauran watannin fa? Ka duba su?"

Ban duba ba. Na karɓi takardata na koma titi neman wani acaɓan.